Pawa Bank Ɗin Jikka Uku

Daga Maradi zuwa Yamai kilomita wajen 660 ne, kuma kar, wato babbar motar fasinja, tun kafin kiran assalatu take tashi, sai la'asar ko bayanta ta sauke mutum. Wanda ya saba yin hanyar ya san abu uku ake tanada: ruwan sha, katin shaida a aljihun gaba saboda shingayen jandarmomi, da salula mai cikakken caji. Biyun farko na tanade su. Na ukun kuwa, a daren tafiya aka ɗauke mana kuran, wato wutar lantarki, tun magariba, wayata tana kan kashi talatin, amma ko a jikina, don ina da abin da nake taƙama da shi.

Ranar Litinin, ranar kasuwa, na saye shi a teburin wani saurayi mai kayan salula. Pawa bank ne baƙi, batirin nan na ajiyar caji, an rubuta 50,000 mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, a jikinsa da ruwan zinari, bakin caji huɗu, ga tocila, ga ɗan farantin sola a baya. Ya ce jikka biyar, wato sefa dubu biyar, na ce biyu, muka daidaita a uku. Da ya ga ina jujjuya shi ina ɗan ɗari-ɗari, sai ya ɗora mini shi a tafin hannu.

"Alhaji, ɗaga ka ji nauyi. Na banza ba shi da nauyi haka."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan "Alhaji" da wannan nauyi su suka fitar da kuɗin daga aljihuna.

Tafiyar kuma ta Gwaggo ce. Ɗiyarta da ke aure a unguwar Haro Banda ta Yamai ta haihu, aka haɗa ni da bidon man gyaɗa, da ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya, da yajin jego. Kuɗin guzurina kaf na zuba su cikin waya saboda ƴan sane na tasha, na bar ƴan canji kaɗan a aljihu. Har ina yi wa Gwaggo bayanin cewa yanzu zamani ya wuce ɗaure kuɗi a lalita. Ta dube ni ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Kujerata tana tsakiya. Gefen taga wata Hajiya ce dattijuwa da kwanon furarta a cinya, ɗaya gefen kuma wani Bakano mai hula zanna, ɗan kasuwa, wanda bai cika magana ba. Muna wuce Tibiri na fito da kayana, na jona wayata, fitilu huɗu shuɗaye suka kama. Wani ɗalibi a bayana ya leƙo ya ce ko zan taimaka masa, tashi ta kusa mutuwa. Na ce kawo. Wata mata mai goyo ta miƙo tata. Aparantin motar ma ya zo da tasa, allonta a farfashe. Bakin huɗun duka suka cika, har akwai masu jiran layi. Na gyara zama ina ba su haƙuri cewa kowa zai samu, wai dubu hamsin ne, ko motar gaba ɗaya aka jona zai ɗauka. Na tambayi Hajiya ko tata tana buƙata. Ta zaro wata ƴar ƙaramar waya mai maɓallai daga cikin zanenta, an ɗaure murfin da roba, ta ce tun Juma'a ta yi mata caji, kuma ba ta jin yunwa.

Ba mu kai Gidan Rumji ba fitila ɗaya ta mutu. Na ce wannan al'ada ce. Kafin direba ya gama gaisawa da masu shinge, biyu suka bi ta. Ta ƙarshen ta yi ta ƙiftawa, ta yi ta ƙiftawa, can ta ɗauke. Na danna maɓalli, shiru. Na girgiza shi, sai na ji wani ɗan sauti a ciki, shuu-shuu, wanda a lokacin na ɗauka ƙarar lantarki ce. Na roƙi Hajiya ta bari na manna farantin solar a gilashin taga, ta riƙe mini shi da hannu ɗaya har Madawa, baiwar Allah, ɗaya hannun tana dama fura. Ko fitila ɗaya ba ta dawo ba.

Mayar wa mutane wayoyinsu shi ne aiki. Ɗalibin ya duba ya ce kashi biyu ta ƙaru, ya yi godiya irin wadda gara zagi da ita. Aparanti bai ce komai ba, amma daga nan duk inda aka tsaya sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai kuran, za ka sauka?"

A Madawa, muna tsaye ana cinikin kilishi ta taga, Bakanon ya karɓi abin ya jujjuya. Ashe sana'arsa ke nan, kayan waya yake kai wa Yamai. Ya ce na gaskiya mai 10,000 ma ba ya ba ka dubu goman cif, don batirin ciki bolt 3.7 ne, ita kuma waya bolt 5 take sha ta igiya, wajen juyawar sai kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Wato waya mai batir 5,000 sau ɗaya da ɗan ɗori zai cika ta. Mai 50,000 na gaskiya kuwa ya kai kilo guda, kuma ko jirgin sama ba a barin mutum ya shiga da shi, don abin da aka yarje wa fasinja kai tsaye bai wuce wajen 27,000 ba, shi ma a jakar hannu. Farantin solar kuma, in ma na gaske ne, sai ya yi kwanaki a rana.

"Nawa ka saye shi, Malam?"

Na ce jikka uku. Ya miƙo mini abina a hankali, ya ce Allah ya mayar da alheri.

Allah bai bar ni haka ba, ya ba ni tawa damar a Galmi. Wanda bai taɓa tsayawa a nan ba bai ga albasa ba: ja mai ruwan makuba, an jera ta buhu-buhu da ƙananan raga a bakin kwalta, irin wadda manyan motoci ke kwasa har Abijan da Akara. Bakanon ya taya wata ƴar raga, yarinya ta ce ɗari biyu. Ya yi murmushi ya zaro ƙwandalar 200 ya miƙa mata. Yarinya ta dubi kuɗin, ta dube shi, ta kira yayarta ta zo ta gani. Nan na gyara murya. Na ce Alhaji, a nan da dala muke ƙirga, dala kuma sefa biyar ce: ashirin ita ce 100, ɗari ita ce 500, ɗari biyu kuwa jikka guda ke nan, 1,000. Duk abin da aka faɗa maka da Hausa, ka ninka sau biyar kafin ka sa hannu a aljihu. Na daɗe ina jan bayanin, don in ji daɗin yadda yake gyaɗa kai. Kuma don in nuna masa yadda ɗan gida yake ciniki, na taya raga biyu na biya da canjin da ya rage mini kaf.

Bayan Birnin Ƙonni wayata ta fara ja. Akwai wuraren da rezo ke yankewa a hanyar Dogon Dutsi, kuma waya in ta rasa rezo ƙara ƙarfi take tana nema, nan batir ke zuba. Da na danna alamar jirgin nan da ke hana waya neman rezo tun safe da ta kai ni. Ni kuwa ina ta kallon hotunan jaririn da aka turo. Kashi huɗu, uku, sai allo ya yi baƙi.

Sai a Doso, bayan mun yi sallah, lissafin ya haɗu mini. Lambar Yaya mijin mai jego tana cikin waya. Kwatancen gidan yana cikin waya, a saƙon murya. Kuɗina suna cikin waya. Abin da na mallaka a fili shi ne man gyaɗa, ƙuli, yaji da albasa raga biyu, kayan miya cikakku babu tukunya. Zabarmancina kuma daga gaisuwar "fofo" bai ƙara gaba ba.

Hajiya ta lura na yi tsit. Ta ce, "Ɗana, mi ya faru? Ko cikinka ne?"

Na faɗa mata. Ba ta yi dariya ba, abin da har gobe nake gode mata a kai. Ta ce in ciro layina in sa a tata. Na ce babu allurar buɗe wajen. Ta kai hannu ta kwance ɗan kunnenta, ta miƙe ƙugiyar da haƙori, ta ba ni. Na soka a ɗan ramin, ƙofar layi ta fito. Muka cire robar, muka ɗaga batir, ɗan layin nawa ya yi wa gurbin ƙanƙanta, sai da Bakanon ya daidaita shi da tsinken ashana. Waya ta kama. Na shiga neman lamba, babu ko ɗaya, duk a can cikin mamaciyar na adana su. Hajiya ta kwance bakin zanenta, ta nuna mini wata takarda da ta yi laushi don ninki, lambobin ƴaƴanta biyar a rubuce da biro. Ta ce ita ba ta karatun boko, amma ko'ina ta je akwai mai karanta mata.

Muna gab da Kure, inda fasinja ke leƙen ko za su hango raƙuman dawa, ƴar wayar ta ɗau ruri da wani kiɗa mai tsinka kunne. Yaya ne. Ya ce tun azahar yake kira ana ce masa a kashe, har Gwaggo ta fara salati a Maradi. Ya zo tasha da kansa ya ɗauke ni, muka haye gadar Kennedy da bido tsakanin ƙafafuna. Man ko ɗigo bai zuba ba, don Gwaggo ta shimfiɗa leda a bakin kafin ta murɗa murfi, kuma ba ta cika shi maƙil ba saboda zafi.

Washegari na kai pawa bank ɗin wurin wani mai gyaran salula a bakin titi, ko za a ceto wani abu. Ya sa bakin sukudireba ya ɓalle shi. Batir ƙwaya ɗaya ne a ciki, ɗan siriri. Kusa da shi kuma ƴan ƙulli biyu na farar leda, an liƙe su da gam. Ya huda ɗaya da wuƙa, yashi ya zubo a kan teburinsa. Farantin solar ma babu wayar da ta haɗa shi da komai.

Ya ɗebi yashin ya murza tsakanin yatsunsa, ya kira maƙwabcinsa mai shayi ya zo ya gani. Mai shayin ya tambaye ni daga ina nake, na ce Maradi.

"Ikon Allah. Duk yashin da ke Gulbi bai ishe ku ba, sai kun sayo na waje?"