Laurie Baker da gidajen da muke ginawa a Katsina

Tun da karatu ya kawo ni Trivandrum a kudancin Indiya nake jin sunan Laurie Baker a bakin mutane. Bature ne mai zanen gine-gine, an haife shi a Birmingham ta Ingila a 1917, ya zo Indiya a 1945, a nan Trivandrum ya rasu a 2007, kuma yawancin aikinsa gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne. Shawarar Gandhi ya riƙe, cewa a yi gini da kayan da za a samu cikin mil 5 daga filin.

Na tsaya na ƙare wa bangonsa kallo a Indian Coffee House, wani gidan shan kofi da ya zana da ke kusa da tashar mota. Jan bulo ne zalla ba filasta, an bar ramuka-ramuka a jiki iska na ratsawa haske na shiga, ba sai an sayi taga da gilashi ba. A gidajensa kuma yakan jera bulon a tsaye ya bar fili a cikin bangon, bulo ya ragu kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafi kuma bai samun hanyar shiga ɗaki.

To wallahi abin da ke ci min rai shi ne mu a Katsina mun fi kowa sanin wannan. Maginanmu da tubali da azara da makuba suka yi soraye masu sanyi, ga hasumiyar Gobarau nan tsaye shekaru ɗaruruwa. Amma yau mutum zai ci bashi ya sayi siminti da rodi ya ɗora kwano, watan Afirilu na zuwa ɗakin ya koma tanda, ba wuta balle fanka, kowa ya kwaso tabarma ya fito waje, duk don kar a ce gidan laka yake zaune. Gidajen lokos ɗin ma da ake yi, wani ba zaure ba tsakar gida, ina matar gida za ta yi girki ta yi shanya, ina mai gida zai sauki baƙo? Baker sai ya zauna da iyali ya ji yadda suke rayuwa kafin ya ɗauki fensir.

Na san laka tana son yaɓe kafin damina, giginya ma ta yi wuya. Amma a Yamai nan kusa mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta sun yi gidaje masu bene da bulon ƙasa da inji ya matse, an gama a 2016. Ɗaliban gini namu ya kamata a tura wajen tsofaffin magina na cikin gari tun suna da rai.