Hular da ta fi ƙarfin kan jariri

Ku da kuka ga bidiyon nan a WhatsApp kuna ta turo mini fuskokin dariya, ku tsaya ku ji ta bakina, tunda kowa ya faɗi tasa har da waɗanda ba su je sunan ba. Ranar da na zare hular nan daga kibiya lafiyarta ƙalau. Na auna ta da igiyar awon tela, santimita 34 cif, daidai kan jariri sabon haihuwa. Abin da ya same ta daga baya akwai masu hannu a ciki, kuma duk zan tona su.

Kun dai san autar su maigida da aka kai aure Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a nan Yamai. Da aka ce tana da juna biyu na ce kayan sanyin jariri a bar mini, riga da hula da safa. Watan Disamba ne, hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe kogi ba a hangen tsallake, kowa na cusa man kaɗe a faso. A cikin dangin nan kaf, da ƴan boko da tsofaffi masu lissafin wata, ba wanda ya buɗe baki ya ce mini haihuwar nan a Afrilu za ta faɗo. Na shiga Babbar Kasuwa na sayi ulu shuɗi da fari wurin wani mai shago da ya rantse mini da girman iyayensa cewa gashin tunkiya ne tsantsa daga Faransa. Daga baya na kyasta wa guntun zaren ashana. Ulun gaskiya ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, wannan kuwa narkewa ya yi ya dunƙule ya yi tauri. Roba ce zalla. To shi ne na farko a cikin masu laifi.

Saƙa kuwa ba yau na fara ba. Tun ina yarinya a Tawa na koya wurin gwaggona, wadda in ka zubar da ido ɗaya sai ta sa ka warware layin gaba ɗaya. Bakin hular na yi masa ɗaya ciki ɗaya waje don ya riƙa kama kai, jikinta shuɗi da ratsin fari, na tanadi tuntu fari da zan ɗaura a tsakiya.

Aka haihu, namiji. Ranar suna maza suka tafi wurin raɗin suna tun da sassafe, ni kuma aka ɗora mini dambun yamma, domin ko faccalata da ba ta yaba mini komai ta san dambuna ba na wasa ba ne. Na wanke tsakin masara na tsane shi, na zuba a madambaci, na naɗe tsakaninsa da tukunya da tsumma don kada tururi ya tsere. Zogale na dafa na matse, na yanka albasar Galmi mai yawa, na daka ƙuli-ƙuli, na soya man gyaɗa da tattasai har ya yi ja. Ina jiran turarin farko ne na zauna a tabarma na ɗaura tuntun. Na miƙe in juya tsakin, sai autana ya lallaɓo ya tsoma hannu a kwanon mai, ya lasa, yaji ya kama shi, ya rasa abin share baki sai hular. Shi yaro ne, na yafe masa, amma an rubuta.

Na wanke ta da sabulu na shanya. Ranar Afrilu a Yamai ai ba ta jira, kafin in gama haɗa dambun ta bushe, sai dai ta ɗan yamutse.

Nan ƙanen maigida ya shigo cikin zancen, ɗan jami'ar nan da ya fi kowa sani. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun asuba, saboda haka ya hura gawayi a dutsen guga yana goge shaddarsa a bakin ƙofa. Ya ce, “Matar yaya, kawo in ɗan taɓa miki ita, ai ba a kai kyauta a yamutse.” Hannuna dumu-dumu da zogale, na ce to, a hankali. Ashe ruwa ya yayyafa mata ya danna dutsen da ƙarfinsa na saurayi, ya ja nan ya danna, ya ja can ya danna, yadda ake yi wa shadda ta yi ƙyalli. Ulun roba kuwa in zafi da tururi suka haɗu a kansa sakin jiki yake yi, kuma ya saki ke nan har abada, ko an wanke ba ya komawa. Ya ninke ta, ya haɗa da riga da safa, ya sa a leda ya ƙulle, ya miƙo mini yana jiran godiya. Na kuwa gode masa.

Muka tari taksi, kular dambu a cinyata, muka maƙale a Gadar Kennedy bayan wani raƙumi da aka labta wa tabarmi, zafi ya haura 40, hodar fuskata tana gangarowa wuya. Muka isa an cika rumfa maƙil, mata da anko, kowa da mafici.

Bayan la'asar zabiya ta karɓi lasifika aka fara nuna kaya. Kun san yadda take yi, ta ɗaga abu sama ta faɗi mai shi da asalinsa, a rangaɗa guɗa. Turamen atamfa suka wuce, sabulai, bahon wanka, jika goma daga wance, jika biyar daga wance. Faccalata ta kawo wani saiti na kanti a cikin kwali mai tagar roba, aka yi ta juya shi. Sai aka miƙa ledata.

“Ga na matar babban yaya! Ƴar Adar, ƴar Tawa! Wannan ba na kanti ba ne, aikin hannu ne!”

Aka yi guɗa. Na gyara zama, na ɗan sunkuyar da kai irin na mai kunya. Ta ciro safa ta saka su a yatsu biyu ta ɗaga, mata suka ce masha Allah. Ta ciro riga. Nan guɗar ta ɗan ragu, na ga wata tsohuwa ta tsayar da maficinta tana duban rigar ulu mai dogon hannu, sannan ta dubi rana. Amma dai an wuce wurin lafiya.

Sai ta sa hannu ta kama tuntu ta jawo. Ta jawo. Ta ƙara jawowa. Hula tana ta fitowa daga leda ba ta ƙare ba. Da ta gama fita zabiyar ta riƙe ta da hannu biyu ta ware, abin ya yi lagwab yana reto kamar buhun albasa da aka juye. Ratsin farin da na ƙirga ido-ido ya baje, ana hango fuskar zabiyar ta cikin ramukan. Mai kalangu ya tsaya. Lasifikar ta yi wata ƙara siririya, wuri ya yi tsit.

Zabiya ta duba hula, ta duba leda ko akwai bayani a ciki, ta juyo wajena.

“Hajiya, don Allah a taimake ni kada in yi kuskure a gaban jama'a. Wannan ta jaririn ce ko ta uban jaririn?”

Na ce, “Ta jariri ce.” A hankali na faɗa, amma ashe ta riga ta kawo lasifikar bakina, sai ga muryata tana fita har bakin titi. Wasu yara da ke leƙe ta kan katanga suka maimaita.

Ta ce, “To Allah ya raya mana shi ya kai ta.”

Aka ce amin. Jama'a, da ƙarfi aka ce amin ɗin nan, sannan rumfa ta fashe.

Da a nan aka tsaya da na shanye. Sai Inna, surukata, Allah ya saka mata da alheri don ceto ta yi nufi, ta ɗaga murya ta ce, “Ku bar dariya, abin saƙa ai sai a jiki ake gane shi. A kawo yaron.” Na ce Inna a bari, yana barci. Ta ce a kawo shi. Aka fito da bawan Allah ɗan kwana bakwai, an yi masa aski kansa na sheƙi, daga shi sai ɗan zane saboda zafi. Inna ta karɓe shi ta yi bisimilla ta ɗora masa. Hula ta wuce goshi, ta wuce hanci, ta wuce haɓa, ta sauka kafaɗa ta ci gaba. Ba abin da ya rage a waje sai ƙafafu biyu suna wutsil-wutsil, da tuntu fari a sama. Daga ciki muka ji ya tsala kuka.

Kakarsa ta wajen uba ta taso da sauri ta zare shi tana faɗa da Zabarmanci. Ni Zabarmancina na cefane ne, ban kama duka ba, amma dangin uban suka kwashe da wata sabuwar dariya. Sai wata mai neman lada ta fassara wa ɓangarenmu, wai tsohuwar cewa ta yi rago aka yanka da safe, ba a ce a turara mata jika da yamma ba. Ɓangarenmu ma suka kwashe. Wato magana ɗaya sau biyu aka yi mini dariyarta, ina zaune ina murmushin da ya fi kuka ciwo, ina gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Zabiya kuwa ta ga kasuwa. Ta ɗauki hular ta kifa a kanta, bisa ɗaurin ɗankwalinta, ta zauna mata ɗas. Ta yi wa mai kalangu alama, ta shiga fili tana juyi tuntu na kaɗawa, mata suka taso suna yi mata liƙi. Na rantse kuɗin da matar nan ta tara da hulata ya fi na ulun da na taksin gaba ɗaya, kuma ko dala ba ta ce ga naki ba.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai ba irin na mai ɗaukar bidiyon. Kun san wadda nake nufi, ta gidan da ke kallon famfo. Ita fa ba a gayyace ta ba, jin ƙamshin dambu ta yi ta ce bari ta raka ni, kuma ni na biya mata taksi. Matar da ta ari madambacina tun azumin bara ta dawo da shi ba marfi, na tambaya ta ce wai haka na ba ta. Yanzu da faranti nake rufe shi in ɗora dutse. Ita ce kuma ta zo ta ce in koya mata saƙa, na ba ta kibiyoyina masu kyau guda biyu, bayan sati na shiga gidanta na tarar tana tsefe wa ƴarta kai da ɗaya, ɗayar an tokare taga da ita. Ido ɗaya ba ta taɓa saƙawa ba. Amma ita ce ta yi dariya har kujerar roba ta buɗe ƙafafu ta zube ƙasa, kuma tana ƙasan ma ba ta saki salular ba, shi ya sa kuka ga bidiyon ya karkace a ƙarshe yana nuna rufin rumfa. Dambun kuma faranti biyu ta ci, ta ƙulla wani a leda wai na yara. Duk wanda ya ci ya yaba, amma ba wanda ya ɗauki dambun a bidiyo.

Faccalata ita ba ta yi dariya ba. Da ta yi ma ya fi mini sauƙi. Bari ta yi sai da za mu tafi, ta rako ni bakin titi, ta dafa kafaɗata ta ce, “Yaya, ai kin yi ƙoƙari. Yaro girma yake yi.”

Da dare na tare ɗan jami'a. Ya ce shi ya ga tana ƙara faɗi a hannunsa, amma ya ɗauka haka samfurin yake. Maigida yana cin sauran dambu bai ce uffan ba, sai kafaɗunsa da ke rawa, na tambaye shi lafiya ya ce yaji ne ya sarƙe shi. Washegari na wuce ta fadarsu suna dafa shayi, abokansa suka gaishe ni da ladabin da ya yi yawa, wani har da tambayar ko ina karɓar aikin manya.

Riga da safa dai suna cikin akwatin mai jego, kafin sanyi ya dawo ya fi ƙarfinsu. Hular na aika a karɓo an ce zabiyar ta tafi wani biki Dosso da ita. Sauran ulun yana nan a leda, shuɗin ya fi yawa, in akwai mai so. Wadda ta ga ta gidan famfo kuma ta gaya mata ina son marfina kafin azumi.