Hoton mai girma a bango, da kuɗin wa?

Makon jiya na raka ƙanwata awo a wani ƙaramin asibiti da ke wajen garin Gombe. A bangon ɗakin jira hotuna uku ne a jere: shugaban ƙasa, gwamna, shugaban ƙaramar hukuma, kowanne cikin gilashi, gefensa na ƙyalli. A ƙarƙashinsu kuwa mata masu juna biyu ne zaune a tabarma, domin benci ɗaya ne tak a wurin. Har yau abin bai bar raina ba.

Wani zai ce, to nawa hoto ɗaya yake? Gaskiya ba wani kuɗi ba ne. Amma jiharmu na da ƙananan hukumomi 11, ga ma'aikatu, ga makarantu, ga asibitoci, kowane ofishi da nasa. Da an sauya gwamnati sai a sauke tsofaffi, a ba da kwangilar sababbi, kuma duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san yadda kwangila ke kumbura kafin ta isa hannun mai bugawa. Ba a ma zo kan manyan allunan bakin titi ba, da kalanda, da littattafan rubutu na yara da ake manna wa fuskar mai mulki, alhali daga baitulmali aka biya.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2018 Amurka ta kafa dokar da ta hana amfani da kuɗin gwamnatin tarayya wajen zana hotunan manyan jami'ai, har da shugaban ƙasa. A 2019, ranar da aka rantsar da shi, shugaban Yukren Zelensky ya ce wa jami'ansa kada su rataya hotonsa a ofis, su rataya na 'ya'yansu.

Na san hujjar masu cewa girmama shugabanni ne, kuma al'adarmu ta yarda da girmama na gaba. Ni ma na yarda. Sai dai manomi a Nafada ko Kaltungo ya san gwamnansa ta rediyo da waya, abin da yake jira a gani shi ne magani da taki.

Roƙona ga Majalisar Dokokin Jihar Gombe ɗaya ne: ta kafa doka. Hoto ɗaya a babban ofishin kowace hukuma, a ƙayyade farashinsa, a rubuta shi fili a kasafin kuɗi. Allo ko kalanda mai fuskar ɗan siyasa kuwa, shi ko jam'iyyarsa su biya daga aljihunsu.