Yawan Ambato da Gonar Hatsi: Yadda Nake Karanta Shafin Mai Bincike

A makon jiya ƙanina, wanda yake digiri na biyu a kimiyyar tsirrai, ya turo mini hoton shafin wani masani daga Google Scholar, dandalin intanet mai jera maƙalun masu bincike da yawan ambatonsu, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, dubi wannan bawan Allah. Yaushe irinmu za su kai nan?" Mutumin gwani ne a ilimin ƙwayoyin halittar tsirrai, yana aiki a wata jami'a ta ƙasar waje, shafinsa cike da maƙalu, ginshiƙan ambatonsa kuma suna hawa shekara bayan shekara kamar matakalar bene. Allah ya ƙara masa ɗaukaka, domin babu mai tara irin wannan aiki yana kwance. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne karayar da na ji a cikin tambayar ƙanin nawa, kuma na san akwai ɗalibai da ƙananan malamai da yawa a nan Sakkwato da suke duba irin wannan shafi su ji aikinsu ya zama banza tun kafin su fara.

Ga wanda bai saba da lamarin ba, ambato shi ne mai bincike ya kafa hujja da aikinka, ya rubuta sunanka a cikin madogararsa. Lambar da ake kira ma'aunin h kuwa, wani masanin kimiyyar fiziks a Kaliforniya mai suna Jorge Hirsch ne ya kawo ta a 2005. Idan an ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lambar ba ta raguwa ko da mutum ya daina aiki, ba ta bambanta wanda ya jagoranci bincike da wanda sunansa ya zo na talatin a jeri, kuma abin da Google Scholar zai nuna yakan fi na Scopus, wani rumbun ƙirga ambato, yawa, saboda yana ƙirga har da kundin digiri da takardun taro.

Ambaton wanda ka ɗauko ilimi daga gare shi ba baƙon abu ba ne a garin nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi domin ya bayyana malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, kuma har gobe almajirin zaure yana alfahari da silsilarsa. Sai dai magabatanmu da suka gaji ilimin isnadi suna tambayar wane ne ya ruwaito, yaya amanarsa, yaya kiyayewarsa, kafin su karɓi magana. Shi kansa Eugene Garfield, wanda ya fara fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, manufarsa ta farko ita ce mai karatu ya iya bin sawun wani tunani daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya ne aka mayar da abin sikelin auna mutane.

A fannin ƙwayoyin halittar tsirrai, abin da ya fi tasiri a kan yawan ambaton mutum shi ne tsiron da ya zaɓa. Akwai wata 'yar ciyawa dangin kabeji da ake kira Arabidofsis, wadda ba a ci, ba a kai ta kasuwa, amma masana suka ɗauke ta abin gwaji saboda tana tsirowa ta yi iri cikin kamar mako shida zuwa takwas, kundin gadonta, wato jimillar bayanan halittar da take gada, ƙarami ne, kuma ana iya shuka ɗaruruwanta a kan teburi ɗaya. Ita ce tsiro na farko da aka karance kundin gadonsa, a shekarar 2000. Dubban ɗakunan gwaje-gwaje a Turai da Amurka da Sin suna aiki a kanta, don haka duk wanda ya gano wani abu game da ita yana da dubban mutanen da za su ambace shi kafin shekara ta zagayo. To, ku duba namu amfanin gonar. Kundin gadon dawa ya fito a 2009, na gero, wanda mu a nan muke kira hatsi, sai a 2017, na wake kuwa cikakkensa sai a 2019. Albasa, wadda ta riƙe gidaje da yawa daga Wurno zuwa Goronyo da Gada, kundin gadonta ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, kuma daga iri zuwa sabon iri tana cin zango biyu na noma. Wanda ya kasa hajarsa a kasuwar Illela ranar da take ci, da wanda ya kasa a bakin hanyar ƙauye, yawan masu tayawa ba zai zo ɗaya ba, ko da kayan na biyun sun fi kyau. Mai binciken hatsi yana jiran damina ɗaya a shekara, abokan sana'arsa a duniya kaɗan ne, kuma yawancinsu suna ƙasashen da kuɗin wallafa maƙala, wanda yakan kai dubban daloli a manyan mujallu, ya fi ƙarfin albashinsu.

Akwai kuma nau'in maƙalar. Cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin kimiyyar tsirrai akwai ta Murashige da Skoog ta 1962, wadda ta bayyana haɗin sinadaran da ake rainon tsiro da su a cikin kwalba. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma ambatonta ya yi yawa ne saboda duk wanda ya yi amfani da haɗin dole ya rubuta sunayensu. A ɗaya ɓangaren, aikin Mendel na 1866 ya kwanta kusan ba mai waiwayarsa har 1900, ita kuma Barbara McClintock, wadda ta gano a jikin masara tun shekarun 1940 cewa wasu ƙwayoyin gado suna sauya mazauni, sai a 1983 ta karɓi kyautar Nobel.

Kada a fahimce ni cewa lambobin nan ba su da ma'ana, ko cewa aikin Arabidofsis ɓata lokaci ne. Da yawa daga abin da muka sani game da yadda tsiro yake jure fari ko yake fitar da fure, daga wannan ciyawar aka fara gane shi. Kuma akwai inda yawan ambato da amfanin manomi suka haɗu. A 2006 aka wallafa bayanin ƙwayar gado ta SUB1A, wadda aka samo daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya, take sa shinkafa ta jure nutsewa a ruwa har kusan mako biyu. An ambaci wannan aiki ba adadi, kuma daga gare shi aka samu irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka saki a Najeriya a 2017. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya cinye gonakin fadama ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai an yi masa dogon bayani a kan darajar wannan ƙwayar gado ba.

Laifinmu ma mai yawa ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Gaskiya ne wuta tana ɗaukewa, firjin da ya kamata ya tsaya a digiri 80 ƙasa da sifili yana narkewa a zafin Afirilu, samfurin da aka yi wata uku ana tarawa ya lalace cikin dare ɗaya, sinadaran da aka yi odarsu daga waje su iso sun riga sun mutu a hanya. Na ga wannan da idona. Amma wahalar nan ba ta halatta mana yanka bincike ɗaya gida huɗu domin maƙalu su yi yawa ba, ko biyan kuɗi ga mujallar da take karɓar rubutu yau ta wallafa jibi ba tare da wani masani ya duba ba, ko al'adar "sa sunana a taka, in sa naka a tawa". Na taɓa zama a wani taro inda aka yi ta ƙirga takardun wani malami ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi babu wanda ya buɗe ko guda ya karanta. Matuƙar ƙirga ce kaɗai hanyar ƙarin girma, matasa za su koyi cika lamba, domin abin da aka nuna musu yana biya ke nan. Masana da editoci sun yi gargaɗi a kan irin wannan tun 2012, a sanarwar San Faransisko, inda suka nemi a auna abin da bincike ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ya fito a ciki.

Duk lokacin da na je gida, kawuna yakan tare ni da tambaya ɗaya: "Ɗana, mi kunka samo muna game da wuta-wuta?" Wannan ciyawa mai jan fure tana manne wa saiwar hatsi da dawa tana tsotse su tun tana ƙarƙashin ƙasa, tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya zama a gona fiye da shekara goma yana jira. Abin da yake tashinsa wani sinadari ne da saiwar amfanin gonar take fitarwa, wanda aka fara ware irinsa a 1966, sai a 2008 aka gane cewa tsiro yana amfani da dangin sinadarin wajen tsara rassansa. Daga nan masu bincike suka yi caa a kan batun, ambato ya yi ta hawa. Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, ya shafe shekaru yana aiki a kan dawa mai jure wuta-wuta da fari kafin a ba shi kyautar abinci ta duniya a 2009. A nan gida, masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai kare kansa daga tsutsar da take huda kwanso. Mutum yana iya samun ra'ayinsa game da irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado kamar wannan wake, kuma muhawarar tana da muhimmanci, amma manomin da ya rage yawan feshi yana da shaidar da babu shafin intanet da yake ƙirga ta.

Abin da na gaya wa ƙanina shi ne ya koma shafin nan ya buɗe maƙalu biyar da suka fi ambato, ya karanta su tun daga farko. Ya duba inda sunan mutumin ya faɗo, domin a wannan fanni na farko shi ne yawanci ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe kuma shi ne jagora. Ya duba nawa ne daga ambaton marubucin da kansa ya yi, sannan ya bi wasu daga masu ambatonsa ya ga ko sun gina a kan sakamakonsa ne, ko sun jero shi ne kawai a gabatarwa, ko ma sun ambace shi ne domin su ce bai inganta ba, tunda na'ura duk ɗaya take ƙirga su. Ya kuma duba ko an ajiye bayanan da irin a inda wani zai iya ɗauka ya maimaita gwajin. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce mini uku daga cikin biyar ɗin bitar ayyukan wasu ne, biyu kuma aiki ne na asali mai kyau sosai, har ya samu wata dabarar ciro DNA daga ganye mai yauƙi wadda zai gwada.

Shi dai yana son ya yi kundinsa a kan tsofaffin irin hatsin da manoman gabashin Sakkwato suke adanawa, ya ga ko akwai waɗanda saiwarsu ba ta tashin wuta-wuta sosai. Na faɗa masa gaskiya cewa aikin zai ci damina biyu ko uku, zai buƙaci haɗin gwiwa da wani ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki a Zariya ko Kano ko Ibadan, kuma wataƙila shekara biyar bayan ya wallafa, masu ambatonsa ba za su cika tabarma ɗaya ba. Ya ce ya ji, ya yarda. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, za mu tafi wajen Kawu da ambulan da alƙalami, domin ya ce akwai damman hatsi a rumbunsa da ya gada irinsu daga mahaifinsa, kuma ya san sunan kowanne da gonar da ya fi yi a cikinta.