Ni da nake hawa Dala tun ina makarantar allo

Duk abin nan bakina ne ya jawo min. Muna zaune a shago a Kwari wani abokina yake cewa za su je Taraba hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun dajin Gashaka Gumti a bakin iyakar Kamaru, kawai sai na ji bakina ya ce to meye a ciki, ni da nake hawa Dala tun ina makarantar allo? Ya ce to Alhaji bismillah. Ga yaran shago sun zuba min ido, ina zan janye.

Tafiyar motar ma kaɗai ta isa mutum ya tuba. Jalingo, Bali, Serti, daga Mayo Selbe aka fara hawan Mambila kwana kan kwana har Nguroje, daga nan acaɓa, da hanyar acaɓa ta ƙare aka ce kowa ya taka sayyadarsa.

Kowa da jakar goyo, ni kuwa jakar bakko na cika: risho, shinkafa, gishiri, kilishi, turare, shadda kala biyu saboda hoto, ga sabon takalmi sau-ciki a ƙafata. Bargo ban ɗauko ba, tunda a Kano lokacin da fanka muke kwana. Jagoranmu wani dattijo ne Bafulatani, siriri kamar sandarsa, da takalmin roba, ya kalli jakar ya kalli tumbina ya ce "Alhaji kasuwa za ka ci a sama?"

Kun dai san kusa ta Bafulatani. Duk sanda na ce Baffa saura nawa sai ya nuna da sanda ya ce ga shi nan bayan tudun nan, a bayan tudun nan kuma akwai wani tudun, da yayansa, da kakansu. Sau-cikin nan kafin la'asar ya saɓule min fatar dunduniya. Ina haki na tambayi ma'anar sunan dutsen aka ce wai dutsen mutuwa. Wannan ai a Kano ya kamata a gaya min, ba a nan ba.

Daren farko na gane sanyin hunturunmu wasan yara ne. Na saka shaddar nan biyu ɗaya kan ɗaya, na juye kayan jakar bakko a ƙofar tanti na zura ƙafafuna ciki, haƙora suna ta kaɗa gangi. Da asuba na taɓa ruwan rafi na ce Baffa anya taimama bata halatta ba? Ya ce ga ruwa na gudu a gabanka Alhaji, ji tsoron Allah.

Dare na biyu ne aka yi ta. Dama da yamma ma'aikacin gandun da ke raka mu ya ce akwai ɓauna da damisa a dajin, to can tsakar dare sai na ji huci dab da kaina, fuuu, ana ture tantin. Na kama Ayatul Kursiyyu na tsinci kaina a Tabbat yada, na sake kamawa na sake ɓacewa, da na ga dai tafiya ta zo sai na ɗaga murya na ce jama'a ku shaida duk wanda nake bi bashi na yafe, nima a yafe min! Baffa ya haska tocila. Saniya ce daga rugar da ke kusa, ta samu ledar gishirina tana lasa hankalinta kwance.

Rana ta uku muka kai ƙololuwa, ni da rarrafe na ƙarasa. Hazo ya rufe ko'ina, ko Kamarun ban gani ba balle Najeriya. Hoto ɗaya na ɗauka waya ta mutu, da na dawo na nuna wa uwargida ta ce wannan ai ko a gaban farin bango ka tsaya za ka samu. Kwana 4 ina sallah a zaune.

Abokin nan nawa kuwa dubu 80 nake binsa na atamfa tun kafin azumi. Jiya na tura yaro karɓowa, ya aiko min da cewa wane bashi kuma, ai an yafe a kan dutse, yana da shaidu biyu har da saniya.