Ƙadangaren tekun Galapagos ba ya cin kifi

Duk wanda ya ga baƙin ƙadangaren nan na tsibiran Galapagos, a ƙasar Ekwado, yana nutso cikin teku, ga farata zaƙo-zaƙo ga ƙayoyi jere a gadon baya, sai ya ɗauka kifi yake farauta kamar kada ko tsari. Ba haka ba ne. Gansakukar da ke manne a jikin duwatsu yake kankara da gajeren bakinsa, faratan kuwa na riƙe dutse ne don kar igiyar ruwa ta fizge shi. Masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, da ya je can a 1835 ya farke cikin wasu, ciyawar teku ya tarar.

Ba ma kowanne ke nutso ba, galibi manyan mazan ne. Mata da ƙanana sukan jira ruwa ya janye su yi kiwo a bakin gaɓa.

Atishawar da yake yawan yi ma ba mura ba ce. Gishirin da ya haɗiya ne yake fesowa ta hanci, har ya bushe fari fat a kansa.