Ɗakin Bakano a Bayan Ikorodu

Bakano yana sarin ganye a gonakin bayan Ikorodu ta jihar Legas, yana kaiwa kasuwar Mile 12. Ya kama ɗaki a wani ƙauye kusa da gonakin, shi da Ɗan Fulani mai kiwon shanun wani attajiri. Ana tsakiyar watan Yuni, ruwa ba dare ba rana, sai ga Bazazzage ya zo duba shi don ya ji ba ya jin daɗi.

Bazazzage: Salamu alaikum. Subhanallahi! Alhaji, gobara ce ko bandar kifi ka koma yi?

Bakano: Shigo ka rufe ƙofa, bawana, kada sauro ya biyo ka.

Bazazzage: Ina zan shiga? Muryarka kawai nake ji. Ya jikin?

Bakano: Jiki sai addu'a. Kullum in tashi kaina kamar zai tsage, ga tari, ga jiri. Jifa ne, Malam. Tun da na fara samun ciniki aka sa ni a gaba. Dubi shaddata ta Juma'a, fara sol na rataye ta, yanzu ta yi kore. Wane ne ya rina ta in ba aikin asiri ba?

Bazazzage: Fumfuna ce. Ɗaga katifar nan mu gani.

Bakano: A'a, bar ta.

Bazazzage: Ɗaga dai. Ka gani? Baƙi ƙirin, har da danshi. Ka shimfiɗa katifa a kan siminti, simintin yana tsotso ruwa daga ƙasa, ka jingina buhuna da bango, ga jiƙaƙƙun kaya ka shanya a kan igiya. Ina taga?

Bakano: Tana nan bayan kwalin can. Na bi ta da leda, na buga ƙusa.

Bazazzage: Don me?

Bakano: Haka muke yi a gida.

Bazazzage: A gida kuna gudun ƙurar hunturu ne. Can wanki kan bushe kafin ka gama alwala. Nan kuwa kana kusa da tafkin Legas da teku, iskar kanta ɗauke take da ruwa. In ka toshe ɗaki, danshin numfashinku da tururin girki ba su da hanyar fita, sai su kwanta a bango.

Ɗan Fulani: Aradu na gaya masa. Ko shanu ba su yarda su kwana a nan. Ni a gindin mangwaro nake kwana, ruwa na dukana, amma lafiyata ƙalau.

Bakano: Kai yi mana shiru. Kana kwana a waje, amma kana cajin waya a ciki.

Bazazzage: Caji? Da wace wutar? Tsaya, mene ne wancan a bayan ƙofa ka lulluɓe da bargo?

Bakano: Janareta.

Bazazzage: A cikin ɗaki?

Bakano: To a ina? In bar shi waje ɓarayi su yi mini gaba da shi? Da kuɗi na saya, ba gado na ci ba.

Bazazzage: Inna lillahi! Ga mai jifan naka nan, kai kake saya masa fetur. Hayaƙin injin nan yana da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. In ka shaƙa sai ta shiga jini ta tare wurin iskar da jiki ke buƙata. Farkonta ciwon kai da jiri, irin naka. Ƙarshenta a wayi gari a ɓalle ƙofa a tarar da mutanen ɗaki duka sun riga mu gidan gaskiya. An sha yin haka a ƙasar nan.

Bakano: Ai ina kashe shi in na ji barci.

Bazazzage: Barcin ai ita ke kawo shi.

Bakano: To ai ina maganin warin. Ga turaren wuta, mai tsada, na Maiduguri.

Bazazzage: Hayaƙi kan hayaƙi ke nan. Wannan kuma a ƙarƙashin gado?

Bakano: Igiyar leko. Biyu nake kunnawa, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa.

Bazazzage: Ga risho, ga kurfoti da gawayi. Alhaji, saura ka shigo da babur ka bar shi a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum wajen miliyan 3.2.

Bakano: Wa ya ƙirga su? Ku Zage-zagi da an taɓa ku sai lissafi. To faɗi maganin, amma na kuɗi kaɗan.

Bazazzage: Cire kwalin nan ka sa wa tagar raga. Ka sa a fasa wata 'yar kafa a bangon da ke kallonta, can sama kusa da kwano, don iska ta shigo ta nan ta fita ta can. Taga ɗaya ba ta kora komai. Girki a koma rumfa a waje. Katifa a ɗora ta kan katako, buhuna su bar jikin bango, in rana ta leƙo a fitar da komai ya sha. Bangon a wanke shi da ruwan Hypo, ƙofa a buɗe, kuma kada ka gauraya shi da wani abu. Maimakon leko, gidan sauro.

Bakano: Janareta fa?

Bazazzage: Waje, kamar mita 6 daga ɗaki, bakin salansa yana kallon daji.

Bakano: Mita 6! Ai ka miƙa wa ɓarawo ke nan. To, na samu dabara. Jauro, tunda a gindin mangwaro kake kwana, zan ɗaure maka shi a ƙafa da sarƙa.

Ɗan Fulani: Aradu ban yarda ba! Malam ya ce abin na kisa. Ka fitar da shi daga ɗakinka, ka kawo shi nawa?

Bazazzage: Jauro ya fi ka gaskiya. Ɗaure shi a wata bishiyar, ka yi masa rumfa, shi kuma ya dawo ɗaki.

Bakano: Ɗakin da zan sa wa raga da sabuwar taga? Ai kuɗin haya ya tashi. Ɗaki mai iska daban yake da marar iska.

Ɗan Fulani: Iskar ta Allah ce!

Bakano: Tagar tawa ce. Kai kuma bawana, kawo kuɗin raga.

Bazazzage: Ni? A kan me?

Bakano: Wa ya kawo shawarar? Ina zaman zamana da ciwon kaina, ban bi ka Zariya na tambaye ka ba.